Tokarin Kabarin Balbara

"Wane gefe yanzu?" Muryar Baba Okonos ta fito daga ƙarƙashin daɓen katakonmu.

Ina durƙushe a tsakar ɗaki, na zuba wa kwanon ruwa ido. "Har yanzu wajen taga ruwan yake karkata, Baba."

"To ki matsa daga wajen tagar mana, Sardana! Ke kaɗai kin isa ki karkatar da gida."

Na ja tsaki na koma bakin ƙofa. Jak ɗin da yake ɗaga gidan da shi ya ci gaba da ƙara, gidan ya yi nishi, kofuna suka shiga karo da juna a kan kanta. Bazara ta huɗu ke nan a jere da tsohon nan yake rarrafawa ƙarƙashin gidanmu. Tun da ƙanƙarar da ke cikin ƙasa ta fara saki, turakun da gidajenmu ke tsaye a kai sai su yi ta nutsewa, wannan yau, wancan gobe. Duk ƙauyen ba wanda ya iya ɗaga gida ya cusa masa katako ya daidaita shi irin Baba Okonos, maƙwabcinmu. Shekarunsa saba'in da takwas, bakinsa kuma bai tsufa ba ko kaɗan.

Ana cikin haka mijina Kesha ya banko ƙofa, taɓo har gwiwa. Kwana uku ke nan yana neman jar saniyarmu a daji.

"Ka gan ta?" na tambaye shi.

"Bar maganar saniya." Ya zube a kan benci ko takalmi bai cire ba. "Na bi ta bayan tsohuwar maƙabarta. Tudun ya zaftare, tafkin nan ya cinye gefensa kaf. Sardana, akwati na gani da idona. Rabinsa a waje, yana leƙen ruwa."

Na shiga buga ƙafa ina nuna masa ƙasa. Mutumin nan, in yana magana ba ya gani.

"Shuɗin fenti ne a jikinsa. Kin san wanda ya yi wa akwati shuɗin fenti a garin nan. Na Balbara ne."

Ƙarar jak ta tsaya.

Da na samu abin jifa a kusa da na jefe shi. Muka yi tsuru-tsuru muna kallon daɓen. Can sai muka ji motsi, tsohon ya rarrafo waje, yana jan jak ɗinsa a bayansa. Na leƙa ta taga. Ya tsaya yana goge hannu da hularsa, a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ai ba a gama ba," na ce.

"Gidanku zai jira," ya ce. "Ita ba za ta jira ba."

Balbara matarsa ce, shekara tara da rasuwarta. A wurinmu shekara uku ake zuwa kabari. A kai waina, a gyara shinge, a yi ɗan hira. Bayan nan shi ke nan, a bar mamaci ya yi tafiyarsa, mai rai ba ya sake taka wurin. Tun da aka buɗe sabuwar maƙabarta a tudun yashi, ba wanda ya ƙara bi ta tsohuwar, shi ya sa tafkin ya yi ta cin ta ba wanda ya sani. Tafkin ma da ina yarinya babu shi. Gonar dankalin su Kesha ce a wurin.

Washegari na raka tsohon fadama wajen Baibal, shugaban ƙauye. Lokacin yankan ciyawa ne, ƙauyen kaf yana can, ga sauro kamar ya ɗauke mutum. Baibal ya jingina lauje ya saurare mu, yana korar sauro da reshe.

"Mutum shida nake so da tarakta," in ji Baba Okonos. "Wuni guda. A ɗauke ta a kai ta tudun yashi, a bar min wuri kusa da ita."

"Haba Baba. Kai ne za ka ce a tono mamaci? Kai da ka wanke wa ubana kai don ya koma kabarin kakata?"

"Ni ban ce a tono ba. Ƙasa ta riga ta tono. Ɗauka kawai za ku yi."

Baibal ya waiga ya dubi mazan da suka daina yanka suna kallo. Kowa ya sunkuyar da kai, ya ga wani abu mai muhimmanci a bakin laujensa.

"Duba fadamar nan," ya ce. "Rabinta ruwa ya cinye. In ba mu tara abin da ya rage ba kafin ruwan sama, a tsakiyar hunturu za mu yanka shanu. Na rubuta wa gunduma su turo ma'aikata."

"Ta wace hanya?" na tsoma baki. "Hanyar da ta rufta a wuri uku? Ko burodi sati biyu ba a kawo ba."

"Ke Sardana, da bakinki lauje ne da tuni mun gama."

Maza suka yi dariya, irin dariyar mutanen da aka ba mafita. Baibal ya sassauta murya. "Ka yi haƙuri, Baba. Saura wata biyu sanyi ya shigo, ƙasa ta kama. In ta daskare sai mu zauna mu san abin yi."

"Wata biyu," tsohon ya maimaita. Ya juya.

A hanyar dawowa na yi ta zagin su Baibal ɗaya bayan ɗaya har da iyayensu. Baba Okonos ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Ke za ki je?"

Gaskiya ita ce ni ma tsoro nake ji. Balbara ce ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu, ita ta koya mini ɗinkin takalmin fata, amma da na tuna zan tsaya a kan kabarinta bayan shekara tara sai in ji ba zan iya ba. Haka aka raine mu, ban san yadda ake cire wannan daga jikin mutum ba.

"Kin gani," ya ce, ba da faɗa ba. "To ki bar su."

Da sassafe na hango shi yana tura baro ya nufi daji. A ciki akwai jak, da zarto, da shebur, da katakon da ya ɓamɓare daga shingensa. Abin da ya sani ke nan a duniya: in abu yana nutsewa, a shiga ƙarƙashinsa a tokare.

Daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. In ɗora shayi in manta da shi, in fita tatsa in tsinci kaina a bakin shinge ina kallon daji. Bishiyoyin da ke wancan gefen duk sun karkace, wannan ta jingina da waccan kamar mashaya sun taso daga biki. Na buga wa Aisen, ɗan tsohon, waya a birnin Yakutsk har sau huɗu.

"Anti, ki ce masa ya bari, zuciyarsa ba lafiya gare ta ba," in ji shi. "Ina nan ina neman jirgin ruwa, mota ba ta wucewa."

"Ni zan ce masa ya bari? Ka manta ubanka ne?"

Da rana nakan kai masa abinci. Akwai wani kututture a bakin daji inda hanyar tsohuwar maƙabarta ta fara, nan ne iyakata. In ajiye kifi da waina da shayi mai madara, in ƙwala masa kira, ya fito yana haki, jikinsa duk taɓo, sauro ya kumbura masa fuska.

Kwanakin farko da fara'arsa yake fitowa. "Na sa mata turaku biyu," ya ce mini. "Na sare bishiyoyi biyu da suka karkato kanta, na share wurin tas, jak ya zauna daram. Ta fi gidanku daidaita."

"Kowa ma ya fi gidanmu daidaita. Ƙwai na ajiye a tebur jiya, a ƙarƙashin gado na same shi."

Ya yi dariya har da tari.

A rana ta biyar na yi kira sau uku kafin ya fito. Bai taɓa abincin ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da kututturen, ya daɗe yana kallon hannayensa.

"Ni na cire mata bargo," ya ce.

"Wane bargo, Baba?"

"Gansakukar da ke saman ƙasa. Na kankare ta don jak ya samu wurin zama. Na sare bishiyoyin da ke mata inuwa. Yanzu rana tana dukan wurin tun safe har yamma, ƙanƙarar tana zuba kamar famfo." Ya buga goshinsa da tafin hannu. "Ni! Shekara hamsin ina zagin mutane a garin nan: kar ku kankare gansakuka kusa da gida, kar ku sare inuwa. Abin da tafkin zai ci a wata guda, na ba shi a kwana biyar."

Sai ranar na fara ganin hawayensa, ko ranar da aka binne ta ban gani ba. Tausayi ya kama ni har na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji haushin ranar nan da ba ta san faɗuwa ba a irin wannan lokaci.

"Me zai rufe wurin?" na tambaya.

"Ciyawa. Busasshiya, mai yawa. Amma wa zai ba ni ciyawa a bana?"

Ba wanda zai ba shi. Don haka ban tambayi kowa ba. Da Kesha ya tafi fadama, na shiga rumbun ciyawarmu na cika baro sau shida, na kai bakin kututturen. Tsohon yana kwasa yana shigewa daji. A sawu na ƙarshe na ga ya haɗa da katifarsa da babbar rigarsa ta hunturu.

Da yamma Kesha ya tsaya a bakin rumbun, hannu a ƙugu.

"Sardana! Ina ciyawata?"

"Ta tafi neman jar saniyarka."

"Kin san kwana nawa na yi ina yankan wannan? Cikin ruwa har cinya? Abincin ɗan maraƙi na wata guda kin kwasa kin shimfiɗa wa matacciya!"

"Da kun je kun ɗauke ta, da ciyawarka na nan. Ƙato da kai, tsoho mai neman shekara tamanin ya fi ka zuciya."

"Ke kin je? Na ga iyakarki kututture."

Nan ya kama ni. Na shige ɗaki na buga ƙofa, ƙofar kuma ta ƙi rufuwa saboda karkatar gidan, ta dawo ta buɗe da kanta a hankali. Kesha na tsaye yana kallona. Fushin ya riga ya sauka daga fuskarsa.

"Ba mugunta ba ce," ya ce. "Tun ranar da na ga akwatin nan ban yi barcin kirki ba. Ina rufe ido sai in ga shuɗin fentin. Idan na taɓa, wani abu ya samu yaran fa?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Ciyawar ta ɗan taimaka. Kwana uku tsohon yana cewa zubar ta ragu. Amma shi ma yana raguwa. Leɓɓansa sun yi duhu, in ya zo ɗaukar kofi sai ya sa hannu biyu. Ya daina komawa gida sai dai ya canja riga. Na roƙe shi ya huta wuni ɗaya.

"In na huta wa zai juya jak ɗin? Kowace safiya tana sauka kamar faɗin yatsa biyu. In ɗaga, in cusa katako, ta sake sauka." Ya kurɓi shayi. "Kin san ina mata hira? Na ba ta labarin kowa. Na gaya mata kin yi ƙiba."

"Ai kuwa ka kyauta."

"Ta ce dama can haka za ki ƙare."

A rana ta goma aka yi ruwa, irin mai ɗumin nan da ba mu san shi ba da. Tun kafin gari ya waye yake zuba har hantsi. Ina jin sa a kan rufi, hankalina na wajen tsohon. Da ya tsagaita na ɗauki abinci na fita da gudu-gudu. Hanyar cikin gari ta zama kunu, turken wutar lantarki na gaban shago ya kwanta a kan shinge.

Na ajiye kwano a kan kututturen na yi kira. Shiru. Na sake kira har muryata ta dushe. Ba abin da nake ji sai ɗigar ruwa daga ganye.

Ban san lokacin da na wuce kututturen ba. Na dai tuna na ɓalli waina na ajiye a gindin wata bishiya na ce wa matattun wurin, "Ku yi haƙuri, ba wajenku na zo ba." Ƙasa tana lotsawa a ƙarƙashin ƙafata. Shingayen kaburbura sun karkace, wasu sun kwanta. Sai dajin ya ƙare kwatsam, ga ruwa.

Gefen tudun ya yanke kamar an sa wuƙa. A jikin yankan ana ganin ƙanƙarar, baƙa-baƙa, tana sheƙi tana zuba. Ciyawata da katifarsa duk ruwa ya tafi da su. Akwatin Balbara ya fito fiye da rabi, kansa ya sunkuya wajen tafkin. Jak ɗin ya nutse a taɓo, hannunsa kawai ake gani. Turke ɗaya ya faɗi. Ɗayan kuma ya zame daga mazauninsa, ya karkata, gindinsa ya tokare da bayan Baba Okonos.

Yana zaune a cikin taɓon har ƙugu, ya dasa dugadugansa a gaba, ya ba turken baya. Hularsa na kansa. Idonsa a buɗe yana kallon ruwa, sauro na sauka a fuskarsa ba ya kora.

"Baba," na ce. Na san ba zai amsa ba, amma na sake cewa, "Baba, ga abinci."

Ban yi kuka a wurin ba. Gudu na yi. Na faɗi sau biyu, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi. Da na isa fadama maza na tsaye suna kallon jiƙaƙƙiyar ciyawarsu.

"Ya mutu," na ce. "Yana can zaune. Ku je ku ɗauko shi, ko shi ma sai sanyi ya shigo?"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Mamacin da bai kai kwana ɗaya ba dole a ɗauko shi, wannan ba mai musu a kai. Baibal ya cire hularsa, ya mayar, ya ce a tayar da tarakta.

Mutum bakwai suka bi ni. A bakin daji Baibal ya hura wuta da busasshen kashin shanu, ya jefa waina uku a ciki, ya yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Taraktar ba ta iya shiga ba, aka bar ta nan da tirelarta. Da muka isa bakin yankan suka tsaya cirko-cirko.

Kesha ne ya fara sauka. Ya kama kafaɗar tsohon zai janye shi, turken ya motsa, akwatin ya yi wata ƙara ya ƙara sunkuyawa. Ya yi maza ya saki.

"Kar ka ja!" Baibal ya daka masa tsawa. "Kana cire shi ta tafi."

Suka dubi juna. Duk sun gane a lokaci guda: ba yadda za a ɗauke shi sai an fara ɗauke ta.

"Kai, tsohon nan," in ji Baibal. "Sai da ka sa mu."

Kesha ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya taka taɓon ya hau, ya kama kan akwatin da hannu biyu. Na ga yadda ya runtse ido kafin ya taɓa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Aka zura igiya, aka haƙe ƙasar da ta riƙe ƙarshensa, wadda har yanzu take da tauri kamar dutse. Sun fi awa biyu suna fama, suna zamewa, suna zagin juna a hankali don kar matattu su ji. Da akwatin ya hau tudu, turken ya faɗi da kansa, Baba Okonos ya kwanta a gefensa sannu a hankali. Ni na rufe masa ido. Sai a lokacin kukan ya zo mini, na yi shi da ƙarfi, ban ji kunyar kowa ba.

Aka shimfiɗa ciyawa a tirela. Kesha ne ya kwaso ta daga tasa. Aka ɗora Balbara, aka kwantar da shi kusa da ita, aka lulluɓe shi da rigar Baibal. Kowa ya ratsa ta cikin hayaƙin wutar don tsarkake jikinsa, sannan taraktar ta tashi.

A hankali direban yake tafiya saboda ramuka. Muna biye a ƙafa, ni da takalmi ɗaya. Mata sun fito bakin shingaye. Rana ta fito sosai, tana dukan shuɗin akwatin, sanyin shekara tara ya fara fita daga jikinsa. Ruwa na ɗiga ta tsakanin katakon tirelar, ɗis, ɗis, yana barin siririn layi a tsakiyar hanya tun daga bakin daji. Muka rabu biyu, wasu dama wasu hagu, ba wanda ya taka shi har muka kai tudun yashi.